Hutun ƙarshen shekara duk a hanya yake ƙare mana, ya kuke yi a naku gidan?

Amaryar jiya:
Salamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu daɗewa a gidan aure. Shekararmu 4 da aure, yaro ɗaya, ni da maigidan duk muna aiki, kuma hutun da muke samu tare a shekara guda ɗaya ne tak, daga 24 ga Disamba zuwa 2 ga Janairu, kwana 10 kenan. To duk shekara lissafin ɗaya ne, kwana 4 gidansu, kwana 4 gidanmu, kwana 2 a hanya, mu dawo jiki duk ya mutu, kaya na jaka ko wanki ba a yi ba washegari sai ofis. Jiya ina duba hotunan bara a waya na ga sun fi 200 amma wlh babu ko ɗaya da muke mu uku a falonmu. Abin ya tsaya min a rai. Da na yi masa magana sai yace ai hutu dama na dangi ne, me za mu zauna mu yi mu kaɗai. Ni kuma so nake yaron nan in ya girma ya samu abin da zai ce "a gidanmu haka muke yi". Shin ni ce na cika son kai ko kuwa?

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ba son kai ba ne, mun sha wannan ruwan shekara 6 cur kafin mu gane bakin zaren. Mu kirsimeti muke yi, da farko dagewa muka yi sai ranar 25 ta same mu a gida biyu, safe can yamma nan, ƙarshenta kowa na jin haushinmu, surukata tace mun tashi da wuri, mamata tace mun zo a makare. Abin da ya buɗe min ido wata abokiyar aikina ce 'yar Habasha, na ga ranar 25 ta zo aiki abinta hankali kwance, na tambaye ta tace su tasu sai 7 ga Janairu. Haka ma Kiristocin Kibɗawa na Masar da cocin Rasha, saboda cocinsu bai bi gyaran kalandar da aka yi a 1582 ba, tsohon lissafi suke bi, kuma yanzu tazarar tsohuwar kalandar da wadda muke amfani da ita kwana 13 ce. Nace ikon Allah, miliyoyin mutane na bikin nan sati biyu bayan namu kuma ba abin da ya ragu, ni kuma ina neman kashe kaina a kan awa 24.

Yanzu karɓa-karɓa muke yi, bana ranar bikin a gidansu, namu gidan mu je musu a satin farko na Janairu, baɗi a juya. Amma ranar 31 ga Disamba ba ma zuwa ko ina kuma ba ma gayyatar kowa. Muna da wata tsohuwar kwalba da kowa ke jefa 'yar takarda a ciki duk lokacin da wani abin daɗi ya same shi cikin shekara, daren nan sai a zazzage a karanta da ƙarfi. Bara ɗaya cikin 'yan biyun ya rubuta "haƙorina ya fita ban yi kuka ba", babansu ya yi dariya har da hawaye. Ko sisi ba ma kashewa a kai amma tun Nuwamba yara ke tambayar yaushe za a buɗe kwalba.

Baban yara biyar:
'Yata, ni dai zan ɗan saɓa da su. Shekara 27 ina da iyali. Akwai shekarar da na gaji da tafiya nace bana a gida za mu zauna mu huta, mahaifiyata ta kira tace ba komai Allah ya kaimu baɗi. Ba ta kai baɗin ba. Ban ce kada ku ware lokacinku ba, amma mijinki da yace hutu na dangi ne ba shirme ya faɗa ba, ku kuna da sauran kwana 355 kuna kwana ɗaki ɗaya, tsofaffin nan kwana 4 ɗin nan suke jira tun farkon shekara. In za a rage a rage da dabara, kuma shi ya gaya wa nasa ke ki gaya wa naki, kada a ji daga bakinki cewa ba za a je gidansu ba, wannan maganar ba ta goguwa.

Amaryar jiya:
Allah ya jiƙan Mama, Baba, ya sa ta huta. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Ni ba cewa nake a daina zuwa ba. Amma kwana 355 ɗin nan da ka ambata, ƙarfe 6 muke fita mu dawo bayan magariba, yaro ya yi barci a mota, kwana ɗaki ɗaya ne kawai amma hira sai ta "ka biya kuɗin wuta?"

Malamar tarihi:
Ƙanwata bari in shigo ta ɓangaren da na fi sani. Mutane na ɗauka al'ada daga sama take faɗowa, alhali kowacce akwai ranar da wani ya fara ta ana masa kallon mai sabon salo. Bishiyar kirsimetin nan da ake gani kamar tun fil azal take, daga Jamus ta fito, a Ingila ba ta zama ruwan dare ba sai da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert da 'ya'yansu kewaye da ita a 1848, kowa ya ce shi ma sai ya yi. Albert ɗin Bajamushe ne, abin da ya taso da shi ne. Katin gaisuwar kirsimeti ma a 1843 wani Henry Cole ya sa aka buga masa a Landan. Kinga kenan gidan mata da miji guda na iya zama mafarin abu.

Amma ga inda mata ke faɗawa rami, ni ma na faɗa. Sai mace ta ƙirƙiro al'adar da ita kaɗai za ta yi wa bauta, ta yi girki kala biyar, ta yi ado wa falo, ta sayo kaya iri ɗaya, ta tsara hoto, shi yana kwance yana danna waya, shekara ta uku ta gaji ta watsar tana fushi. Duk abin da ba za ku iya yi ba a shekarar da aljihu ya bushe ko kina da ciki wata 8, kada ki fara shi. Namu da ya rayu shekara 14 shi ne ranar farko ta hutu shi ke shiga kicin ni ina zaune ina ba da umarni, sai kuma awon tsayin yara a jikin ƙofar ɗaki da fensir, a rubuta shekara a gefe. Da muka tashi daga wancan gidan sai da na kwafe layukan a jikin katako muka taho da shi, masu kwasar kaya suna ta kallona.

Mai lissafi:
Ƙarin bayani kaɗan, mu da bukukuwanmu ke bin lissafin wata, matsalar kan sauya kama. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kwana 10 zuwa 11, shi ya sa sallah ke ja da baya har ta zagayo cikin shekara 33 ko kusa da haka. A 2006 babbar sallah a kwanakin ƙarshe na Disamba ta faɗo, hutu biyu suka haɗe. Yanzu da suke rabe ai sauƙi ne, a ba gida ɗaya sallah a ba ɗayan Disamba, ba sai an tsaga kwana 10 gida biyu ba. Kin ma rage kwana ɗaya na hanya.

Maman 'yan biyu:
Malam mai lissafi ka kawo shawara amma ka manta hutun sallah kwana biyu ne ko uku, wanda aka ba shi zai ce an yi masa ƙwauro hhh. Sai dai shi ma a riƙa juyawa.

Amaryar jiya:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Daren jiya na karanta masa duka har da na Baba, a nan ne ya yi shiru ya daɗe. Mun tsaya a kan kwana 3 gidansu, 3 gidanmu, 2 a hanya, 1 da 2 ga Janairu a gida mu uku, kuma shi zai kira mahaifiyarsa da kansa. Maganar shiga kicin ce dai yace a ba shi lokaci ya yi tunani. Kwalba kuma na riga na wanke ɗaya. Anti Malama dan Allah awon tsayin nan, yaron shekararsa 2 da rabi ba ya tsayawa wuri ɗaya ko na daƙiƙa biyar, ya kike yi da naki suna ƙanana?

Malamar tarihi:
Ki sa babansa ya fara tsayawa a auna shi, da kansa zai zo yana ture shi yana cewa saura ni.