Galmi ce kowa ya sani, to me ya sa takardunmu ke cewa Dogarawa?

Ɗan Talladje:
Assalamu alaikum. A nan Yamai aka haife ni, amma mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin Galmi ne. Sau uku kacal na taɓa zuwa, duk ina ƙarami. Da muka buɗe akwatinsa bayan arba'in, na ga tsofaffin takardunsa suna cewa Dogarawa, gundumar Ƙonni, na ƙanwarsa kuwa da aka yi daga baya suna cewa Malbaza. Abin ya tsaya mini a rai. Ɗana ya fara tambayata ina ne garinmu, ni kuma ban da albasa ba ni da abin faɗa masa. Don Allah wanda ya san ƙasar ya ba ni haske.

Tsohon Mushe:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta masa. Takardun duk daidai suke. Galmi gari ne cikin komin ɗin karkara ta Dogarawa, wato ƙaramar hukuma, a jihar Tawa. Da aka yanka komin-komin da dokar 2002, aka yi zaɓen farko a 2004, galibi an bi iyakokin kanton ne, wato ƙasar da sarkin gargajiya ke riƙe da ita, mazauni kuma aka bar shi inda sarki yake zaune. Shi ya sa sunan ya zama Dogarawa, ko da yake Galmi ta fi kasuwa da suna. A 2011 aka cire Malbaza daga Ƙonni ta zama gunduma, Dogarawa ta bi ta.

Ka koya wa yaron ƙasar kanta tukuna. Galmi tana kan babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Ƙonni da Madawa, kusan kilomita 500 daga Yamai. A sama tudu ne mai duwatsu, fako inda gero ke wahala in ba an haƙa tassa an zuba taki ba. A ƙasa kuma kwarin Magiya, wanda ruwansa ke gangarowa da damina ya wuce ta Ƙonni ya shiga Najeriya. Arzikin wurin duk a kwarin yake. Na yi shekara shida ina koyarwa a wani ƙauye na wajen, na ga yadda aji ke raguwa in lokacin dashe ya zo.

Ƴar Madawa:
Baba ya faɗi gaskiya, amma Yaya kada ka raina albasar nan. Kakata ta ce ita ta aurar da ƴaƴanta biyar. Bayan damina ake zuba iri, a dasa da sanyi, a cire wajen watan Maris da Afrilu. Mai haƙuri ya adana a rudu, wato rumbun albasa, har farashi ya tashi, mai bashi ya sayar a bakin gona da hasara. Ina gani da idona manyan motoci suna lodi zuwa Gana da Kodebuwa. Irin da ake kira Violet de Galmi har a wasu ƙasashe ana shuka shi da sunan garinku. Ga kuma asibitin mishan da aka buɗe a 1950, har daga Najeriya ake kawo marasa lafiya.

Tsohon Mushe:
Na manta abu guda mai nauyi. A yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila, Turawa sun zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato suka ba Ingila, kuma wannan yanki yana ciki. Sai gyaran 1904 da 1906 ya maida shi hannun Faransa. A tsakani, cikin watan Mayu 1899, rundunar sojan Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni ta kashe mutane da yawa. In ka je, ka zauna da tsofaffin gidanku, ka tambayi inda kakanninsu suke a lokacin.

Ɗan Talladje:
Na gode Baba, na gode ƙanwata. Gwaggona tana nan da rai a Galmi. In Allah ya yarda da hutun Disamba zan ɗauki yaron mu je, ya ga dashe da idonsa.