Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira "Indomie" da Ke Cikin Salansar Mota?

Mai tambaya, daga Kano:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kishin harshen Hausa. Kalmar da na zo da ita ba a littafi na tsince ta ba, a gareji ta same ni. Ina da ƙaramar mota Toyota Corolla ƙirar 2005, wadda na saya ta hannu, irin waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. A daminar bara ta fara yi mini nauyin jiki. Idan na taka totur sai injin ya yi ta gurnani amma motar ta ƙi ja, musamman wajen hawa gadar sama, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ga kuma fitilar nan mai siffar inji da ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. Da aka jona mata na'urar bincike sai ta nuna lambar P0420, bakanike ya ɗago kai ya ce mini, "Alhaji, indomie ɗinka ce ta toshe."

Ina tsaye mai walda ya yanke wani kumburarren sashe na bututun salansa, ya zazzage abin da ke ciki a kan faranti. Wani tangaran ne ruwan toka, mai dubban ƙananan ramuka a jere kamar saƙar zuma, sai dai gefe guda ya narke ya dunƙule kamar ƙonannen tubali. Ban gama dubawa ba wani saurayi ya matso yana tambaya nawa zan bar masa shi. A nan na gane cewa abin da ake faɗa mini da sunan taliya yana da daraja da ban sani ba.

Turawa suna kiran wannan na'ura katalitik kwanbata. An shafe bangon ramukan nata da wasu ƙarafa uku masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma idan hayaƙin inji mai zafi ya ratsa ta kansu, sai iskar kabon monoksaid mai kisa ta koma kabon dayoksaid, ɓurɓushin fetur da bai ƙone ba ya koma tururin ruwa da kabon dayoksaid, gurɓatattun iskokin naitirojin kuma su rabu su koma naitirojin da oksijin. Su ƙarafan ba sa ƙarewa a wannan aiki, matsayinsu kamar na dillali ne da ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuwa yana nan yana jiran na gaba. A Amurka an fara sa ta a yawancin motoci daga ƙirar 1975, a Turai kuma ta zama tilas ga sababbin motocin fetur tun farkon shekarun 1990, don haka kusan duk motar hannu da ke shigo mana da ita aka ƙera ta.

Sunan indomie ya samo asali ne daga kamar da saƙar ke yi da busasshiyar taliyar cikin leda. Ban raina hikimar waɗanda suka laƙaba shi ba, amma sunan hajar wani kamfani ne, ba ya faɗin komai game da aikin na'urar, kuma ba zai shiga littafin makaranta ko takardar gwajin lafiyar mota ba. Wace kalma ce ta dace?

Malamin Hausa, daga Katsina:

Wa alaikumus salam, Malam mai tambaya. Shawarata ita ce matatar hayaƙi, kuma ina da hujja da ta wuce daɗin furuci. Bahaushe ya riga ya amince da matatar mai, alhali aikin da aka buɗe matatar Kaduna dominsa a 1980 ya wuce tacewa irin ta rariya, domin ana dafa ɗanyen mai ne, a rarraba shi, a farfasa mai nauyi ya koma mara nauyi. Ke nan kalmar ta riga ta faɗaɗa ta ɗauki ma'anar sauya abu daga wani hali zuwa wani. Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne tarihin na'urar kanta. Injiniyan nan haifaffen Faransa, Eugène Houdry, wanda ya yi suna a shekarun 1930 da dabarar farfasa ɗanyen mai ta hanyar amfani da irin wannan dillalin sinadari, shi ne kuma ya yi rajistar na'urar tsabtace hayaƙin mota a shekarun 1950. Tun da ilimi ɗaya ne ya haifi ayyukan biyu, ban ga laifi ba idan kalma ɗaya ta ɗauke su. Idan an ga ba ta yi ba, akwai masarrafar hayaƙi, ko da yake masu fassara kalmomin kwamfuta sun riga mu ɗora wa masarrafa kaya.

Bakanike, daga Panteka, Kaduna:

Allah ya gafarta Malam, hujjarka ta ilimi ce kuma na ƙaru da ita, amma ina roƙon a dubi yadda kalmar za ta sauka a kunnen mai mota. A mota akwai abubuwan tacewa na gaskiya: na iska, na baƙin mai, na fetur. Kowannensu datti yake tarewa, idan ya cika a kakkaɓe shi ko a jefar a sa sabo. Ranar da muka ce wa mai mota wannan ma matata ce, zai ɗauka toshewarta al'ada ce, zai ce a wanke masa ko a huda a zubar, kuma ba zai tambayi abin da ya jawo ba. Alhali ita ba ta mutuwa haka kawai, kashe ta ake yi. Fulogi ko kwayil ya lalace, silinda ɗaya ta daina ƙona mai, ɗanyen fetur ya gangara cikin salansa ya kama da wuta a kan saƙar, ita kuwa da ma tana aiki ne a zafin da ya kai digiri 400 zuwa 800, sai zafin ya wuce kima ta narke. Haka inji mai shan baƙin mai yake shafe ƙarafan da toka, haka gasket da ya ƙone yake tura ruwan lagireto ya lalata su. A da ma akwai fetur mai haɗe da dalma, wanda ke kashe ta cikin ɗan lokaci, kafin ƙasashen Afirka kudu da Sahara su daina sayar da shi a farkon 2006. Yallaɓai mai Corolla, ina kyautata zaton motarka ta daɗe tana karkarwa a tsaye kafin ta kai ga haka.

Akwai kuma dalili na biyu. Motocin dizal na zamani suna da wata na'ura dabam a salansa wadda aikinta tare baƙin toka ne kawai. Wannan ita ce matatar hayaƙi ta haƙiƙa, kuma idan muka ba da sunan yanzu, gobe za mu rasa abin da za mu kira ta.

Game da saurayin da ya taya, ƙarafan nan yake nema. Giram kaɗan ne a kowace mota, amma a watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam, wato kimanin giram 31, ya kusa dala 29,000. Shi ya sa ake sace ta, kuma shi ya sa motoci da dama ke isowa hannun mai saye da tukunyar fanko, an fasa an kwashe an mayar da walda. Ni dai a wurin aiki saƙa nake kiran tangaran ɗin idan ina magana da yarana, kuma suna ganewa.

Direba, daga Maraɗi:

Gaisuwa ga manya. Mu a nan katalizar muke cewa, daga Faransanci, kuma shekara da shekaru muna ɗauko motoci daga Kwatano ba mu taɓa neman wata kalma ba. Amma da na karanta bayanin mai tambaya sai wata tsohuwar kalma ta faɗo mini, wato makari. Idan maciji ya sari mutum ko ya ci guba, makari ake nema masa. Makari ba ya tsame dafin ya ajiye a gefe, karya ƙarfinsa yake yi a inda yake. Tun da hayaƙin yana shiga da guba ya fita an karya ta, me zai hana a ce makarin hayaƙi?

Mai tambaya, daga Kano:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara sani. Maigida bakanike, zatonka gaskiya ne. Motar ta yi kusan wata uku tana karkarwa a danja, ina ɗaga gyaran daga wannan albashi zuwa wancan, kuma daga baya an samu kwayil ɗaya a mace. Da na san abin da ke ƙonewa a ƙarƙashina da ban yi wannan jinkiri ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin zaɓen kalmar ba ƙaramin abu ba ne.

Malam, ina girmama hujjar matatar mai, amma na karkata ga abin da bakanike ya faɗa, saboda ita matatar mai ba ta da kishiya a fagenta, ita kuwa wannan za ta zauna ne a mota ɗaya da matatai uku na gaskiya. Shawarar ɗan uwanmu na Maraɗi ce ta kwanta mini. Ƙirarta ƙirar sunan kayan aiki ce da kowane Bahaushe ya saba da ita, kamar mabuɗi daga buɗe da makulli daga kulle, gajeriya ce, kuma tana ɗauke da labarin guba, wanda shi ne abin da sunan indomie ya ɓoye mana. Mutanenmu sun san illar hayaƙin janareto a rufaffen ɗaki, sun ji labarin iyalan da suka kwanta ba su tashi ba, kuma iskar da ta kashe su ita ce kabon monoksaid ɗin nan da ba ta da launi ba ta da wari. Wanda aka ce masa za a cire makarin hayaƙin motarsa zai tsaya ya yi tunani, musamman idan yaransa a kujerar baya suke zama kuma ƙasan motar ya fara tsatsa.

Kalmar tana da rauni guda da ya kamata mu faɗa a duk inda muka koyar da ita. Mai ji zai iya ɗauka hayaƙin ya zama lafiyayye ƙalau, alhali na'urar ba ta fara aiki sai ta ɗauki zafi, don haka a mintunan farko bayan tayar da inji gubar tana fita kusan yadda take, kuma ko bayan nan ba ta karya ta ɗari bisa ɗari. Barin mota a kunne cikin rufaffen wuri haɗari ne ko da makarinta sabo ne.

Don haka ina ba da shawarar mu tsaya a kan kalmomi biyu. Na'urar gaba ɗaya, da tukunyarta ta ƙarfe, ita ce makarin hayaƙi. Tangaran ɗin da ke ciki, wanda shi ake kwashewa a sayar, shi ne saƙar makari, bisa kalmar da ake amfani da ita a Panteka. Sensa biyu da ke manne da ita kuma, wato ƙananan na'urori masu auna oksijin ɗin da ke cikin hayaƙi, sai mu ce ta gaban makari, wadda ke taimaka wa kwamfutar mota daidaita fetur da iska, da ta bayan makari, wadda ke sa ido a kan aikinsa, ita ce kuma ke jawo lambar P0420 idan ta ga hayaƙin ya fita yadda ya shiga. Na gwada su a jimlolin da mai sayen motar hannu zai buƙata: a ɗaga motar in ga makarinta, akwai sabuwar walda a jikin makarin, a bubbuga a ji ko saƙar ta farfashe tana kwaramniya. Duk sun zauna a baki ba tare da tuntuɓe ba.

Malam, saura jam'i. Wasu motoci, musamman masu silinda shida, suna ɗauke da fiye da ɗaya, kuma zan so ka duba mana yadda magabata suka jam'inta makari kafin mu rubuta abin da za a zo ana gyarawa.