Kunkurun ruwana ya daina cin abinci, idanunsa sun kumbura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kiwon kunkurun ruwa ku taimaka mini.

Nawa irin mai jan zane ne a bayan ido, ɗan asalin kudancin ƙasar Amurka, girmansa bai kai tafin hannu ba. Tun da hunturu ya kama ya ƙi ci. A da ko inuwata ya gani sai ya taso yana fafutuka, yanzu ko na jefa masa ƙwayar abincinsa, tana ko ɗanyen kifi sai su jiƙe su nutse bai kalle su ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali idanun ne: sun kumbura, da ƙyar yake buɗe na hagu. Bayansa ma in na danna gefe sai in ji ya ɗan lotsa.

Na san ruwansu na son ɗumin digiri 24 zuwa 28, amma na'urar ɗumama ruwan ba ta da amfani in an ɗauke wuta cikin dare. Da hantsi ina fitar da shi ya sha rana, tunda gilashin taga na tare hasken da jikinsa ke buƙata don ƙwarin ƙashi. Ruwan kuma ina sauyawa a kai a kai.

Shin sanyi ne kawai, ko ƙarancin bitamin A ne? Likitan dabbobin da na samu ya fi sanin kaji da awaki. Kuma yaya kuke riƙe ɗumin ruwa har asuba ba tare da wuta ba?