Tambaya: gefen huhu ya yi fari fat, ta yaya zan rabe dalilin?

Assalamu alaikum malamaina da yayyena a fannin ɗaukar hoton asibiti. Ɗalibi ne ni, ina samun horo a wani asibiti a nan Jos, kuma da sanyin nan masu ciwon ƙirji ba sa yankewa.

A aji na gane ƙa'idar hoton ƙirji na X-ray: iska baƙi take fitowa, ƙashi fari, ruwa da tsoka suna tsakani. Idan gefe guda na ƙirji ya yi fari, sai a duba maƙogwaro. In huhu ne ya motse, yakan jawo maƙogwaro zuwa wajensa. In ruwa ne mai yawa ya taru a kewayen huhu, sai ya ture shi ɗaya gefen. Nimoniya kuwa yawanci ba ta gusar da shi, sai dai a ga hanyoyin iska baƙi-baƙi cikin farin.

Inda na maƙale shi ne majinyacin da ba ya iya tashi. Ba a samun tazarar santimita 180 da aka saba bari tsakanin na'ura da allon hoto, hasken na'urar ta gaba yake shiga, zuciya ta ƙara girma a hoton, ruwan kuma ya malale ta baya ya zama hazo kawai. Da majinyacin ya ɗan karkace, sai maƙogwaron ya yi kamar ya kauce, alhali ƙila ƙalau yake. Nakan auna nisan ƙasusuwan ƙasan wuya daga ƙashin baya, amma karkacewa nawa ce ta isa a sake ɗauka? Ba na son ƙara wa mara lafiya haske a banza.

Kuma in ana zargin ruwa, kuna ƙara ƙarfin na'ura ne, ko kwantar da majinyacin ta gefe ya fi? Don Allah ku fahimtar da ni.