Wace kalma za mu ba reed da mouthpiece na kilarinet?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ana shirya 'yar takardar koyarwa da Hausa domin yara masu shiga badujala, kuma abu biyu sun tsaya mana a sashen kilarinet, ɗaya daga cikin kayan busa: ɗan siririn karan nan da ke kaɗawa ya ba da sauti, wanda Bature ke kira reed, da baƙin kan da ake ɗaura shi a jiki, wato mouthpiece. 'Yan badujala na cewa "rid" da "mawufis". Ina ganin Hausa ba ta rasa abin da ya fi su ba. Shawarata ita ce harshe da baki.

Baba Sajan: Wa alaikumus salam, Malam. Harshe ya dace da siffar, amma zai rikita darasi. Mai busa kilarinet da harshensa yake yanka sauti, yana taɓa ƙarshen karan ya saki. In ka ce wa yaro "taɓa bakin harshe da bakin harshenka, ka sa bakin a bakinka", ai sai ya tsaya yana kallonka. Haka ma baki: na yaron ko na kayan?

Isuhu Maraɗi: A nan Nijar da Faransanci ake koya, anche da bec. Bec ɗin baki ne na tsuntsu, saboda yadda samansa ya zo a fiƙe. Me zai hana a ce kara kawai? Kara ne kuwa, wani irin gora-gora da ake kira Arundo donax, wanda ya fi suna shi ne na yankin Var a kudancin Faransa.

Malama Indo: Malam Isuhu, kara sunan abin da aka yi shi da shi ne. Akwai na roba, irin na kamfanin Légère na Kanada, ba ya buƙatar jiƙo kuma yana daɗewa. Shi ma kara za mu ce? Ni belu nake so. Belun maƙogwaro ɗan abu ne mai laushi da iska ke bi ta kansa ya kaɗa, aikin ke nan. Kuma ba wanda zai ji "jiƙa belu" a ajin busa ya ɗauka nasa ake nufi. Sannan kalmar za ta yi mana rana wajen bambanta kayan busa: kilarinet da saksafon masu belu ɗaya ne, algaita mai belu biyu ce, leɓɓa biyu na kara suna bugun juna. Tilɓoron da yara ke yi da karan dawa bayan girbi, wanda ake tsaga ɗan ɓawo a jikinsa ya riƙa kaɗawa, shi ne ɗan'uwan kilarinet na kusa a wajenmu.

Baba Sajan: Belu ya zauna, 'yata. Na ɗayan kuwa, kada a ce mabusa, don mabusa jam'in mabushi ne. A ce kan busa. Kilarinet gaɓa biyar ce, shi ne na can sama, kai ne kuwa. Abin da ke matse belu a jikinsa, na ƙarfe mai noti biyu ko na fata, maɗauri.

Malam Habu: Na karɓa. To ga inda aikin yake, Yallaɓai. Ba a iya zaɓen kan busa sai an san awo biyu, kuma duka ba mu da sunansu. Na farko ɗan sararin da ke tsakanin ƙarshen belu da ƙarshen kan. Na biyu tsawon wurin da kan ya fara lanƙwasa yana rabuwa da belu. Wani ya ba ni wushirya a na farko.

Malama Indo: Wushirya ta yi daɗin ji, amma ita a tsaye take tsakanin haƙora biyu, wannan kuwa buɗi ne sama da ƙasa. Rata ta isa. Na biyun gangara: doguwar gangara, matsakaiciya, gajeriya. Shimfiɗaɗɗen wurin da gindin belu ke kwanciya, shimfiɗa. Siraran bakunan da suka kewaye tagar da belu ke rufewa, leɓen gaba da leɓɓan gefe.

Da waɗannan kalmomin bayanin zai fito sarai. Ana auna rata da milimita. Kan busa na Yamaha 4C, wanda ake fara koyo da shi, ratarsa 1.05 ce. A kawunan kamfanin Vandoren, 5RV na da 1.065, M30 na da 1.15, B45 na da 1.195. Bambancin bai fi kaurin gashi biyu ba, amma a baki kamar sama da ƙasa ne. Ƙa'idar: rata mai faɗi tana son belu mai laushi, ƙaramar rata tana son mai tauri. Shi ya sa ake ɗora belu mai lambar tauri 2.5 zuwa 3.5 a B45, amma 3 zuwa 4 a 5RV. Gangara kuma tana juya lissafin. M30 ya fi 5RV rata, duk da haka belu 3 zuwa 4 yake ɗauka, domin gangararsa doguwa ce, ta bar wa belu dogon wurin lilo, sai mai tauri ya zama kamar mai laushi. B40 da B45 ratarsu ɗaya, amma leɓen gaba na B40 ya fi faɗi, sautinsa ya fi kauri da zagaye, kuma ya fi cin iska, don haka a rage masa rabin lamba.

Isuhu Maraɗi: Ina roƙo a rubuta lambar tauri, kada a rubuta lambar kauri. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma mutane da yawa sun ɗauka belu mai lamba 4 ya fi mai 2 kauri. In yankansu ɗaya ne, kaurinsu ɗaya. Bayan an fere su ne ake gwada ƙarfin karan a ba shi lamba. Kuma lambar wani kamfani ba ta wani ba ce: Rico 3 ya fi Vandoren mai shuɗin kwali 3 laushi, da kamar rabin lamba. Wanda ya sauya kamfani bai sauya lamba ba, sai ya ji iska ta ƙi shiga ya ɗora wa kan busa laifi.

Baba Sajan: Wannan gaskiya ne. A ƙara musu yadda ake gwaji, don a nan ake asarar kuɗi. Kada a gwada kai uku da belu ɗaya, wanda belun ya dace da shi ne zai ci, ko da ba shi ya fi ba. A tanadi lamba biyu ko uku. A jiƙa belu minti ɗaya zuwa biyu a ruwa, a ɗora shi daidai tsakiya, a bar ɗan baƙin layin ƙarshen kan kamar zare yana leƙowa a samansa. A busa mafi ƙasan sauti a hankali ƙwarai, sannan a hau sama, ana duban na'urar daidaita sauti. Belu ya yi tauri: sautin na fita da huci, leɓe ya gaji da wuri. Ya yi laushi: sautin ya yi ƙarar gwangwani, na sama su faɗi ƙasa, in an matsa ya toshe gaba ɗaya.

Kwali belu goma ne, kuma ba duka za su yi daidai ba. Sabo kada ya wuce minti biyar a rana a kwanakin farko, a riƙa juya uku ko huɗu.

Malama Indo: Baba, sai a sa musu maganar hunturu. Belu in ya jiƙe ya bushe da sauri, bayansa na kumbura, ya daina kwanciya a shimfiɗa, iska ta riƙa zurarewa ta gefe. Daga nan tsuwwa ke fitowa. Gwajinsa: a cire kan busa da belunsa a ɗaure, a toshe gindin da tafin hannu, a zuƙe iskar ciki a saki. In lafiya lau ne, belu zai manne na ɗan lokaci sannan ya ɓalle da 'yar ƙara. In bai manne ba, a ɗora samfefa mai lamba 600 a kan gilashi, a goga bayan belun sau kaɗan, ban da ƙarshensa mai siriri. Da damina kuwa fumfuna ce matsalar, kada a rufe shi a jiƙe.

Malam Habu: In an goge, an sauya belu, tsuwwa ba ta daina ba fa?

Baba Sajan: A duba leɓen gaba a cikin haske. In ya ɗan ɓantare, ko da kamar ƙwayar gero ce, kan ya tashi aiki. Kuma kawunan busa masu kyan da baƙar roba mai tauri ake yinsu, ruwan zafi da rana na mayar da su kore-kore, zafin kuma na iya karkatar da shimfiɗar. Ruwan sanyi da ɗan sabulu, a share da tsumma mai laushi, a mayar masa da hularsa.