Jama'a a nemo min Hausar "power", fawa dai ta mahauta ce

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin wasanni ne a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye nan wajen Ringim, ina da yara shida da nake shiryawa tseren mita 100, toh shi ne nake so in rubuta musu ɗan bayani da Hausa kan yadda ake gwada tsokar kwankwaso a gane wa zai yi gudu, don in na karanto musu da turanci ido kawai suke zuba min. Inda na maƙale shi ne turawa suna da "strength" suna da "power", mu kuma duk ƙarfi muke cewa, alhali ba abu ɗaya ba ne. Na farkon shi ne iya abin da tsoka za ta iya turawa ko da a hankali ne, akwai 'yar na'ura da ake kara wa mutum a cinya yana kwance ya danna iya iyawarsa ta nuna lamba. Na biyun kuma ƙarfin ne haɗe da sauri, wato cikin ɗan wane lokaci ka fitar da shi. Jiya na ce wa yaran fawa, wani ya ɗaga hannu ya ce malam ai babana ma ita yake yi ran kasuwa, aji ya kwashe da dariya. Ku taimaka.

Manomin rani daga Haɗeja: Wa alaikumus salam malam. Mu dai a fadama in za mu sayi injin ban ruwa hos fawa ake ce mana, wasu su ce ƙarfin doki. Me zai hana ka ce musu ƙarfin doki kawai a wuce wajen?

Malamin wasanni: Alhaji ka kusa wallahi, don ma'auni ɗaya ne, dokin inji ɗaya wajen wat 746 ne, wat ɗin nan dai da ake rubutawa a jikin sola da ƙwan fitila, kuma da shi ake auna na mutum. Amma ƙarfin doki sunan mudu ne, ni kuma sunan hatsin nake nema.

Wata malamar Hausa: Kuzari fa? Ko zafin nama.

Tsohon ɗan langa: Malama a gafarce ni, kuzari kishiyar kasala ne, tsohuwa mai shekara 70 in ta tashi da asuba ta share tsakar gida sai a ce tana da kuzari, ba ta kuma iya tsallake kwata. Zafin nama kuwa yaron shago mai saurin ƙulla sukari ma yana da shi, babu nauyi a ciki. Ni abin da na sani tun muna langa a dandali da farin wata, akwai ƙato wanda in ya dafe ka ba ka motsi amma shi ba ya taɓa kai wa sha, akwai kuma ɗan siriri da in ya doka ƙafa ɗaya sai ka gan shi can, shi muke sawa ya zama ruwa. Abin da muke cewa shi ne wane akwai zabura. San huɗa ya fi doki jan garma, amma a harba bindiga ka ga wanda zai fara barin wajen. Ni ƙarfin zabura na zaɓa.

Malamin wasanni: Baba Allah ya ƙara girma, wannan ta shige ni. Don abin da nake ta son fahimtar da yaran kenan, mai gudun gaske in ya kai ƙarshen saurinsa ƙafarsa ba ta cika kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa, ita kuwa tsoka kafin ta tattaro dukkan ƙarfinta tana buƙatar lokacin da ya ninka haka, kenan duk ƙarfin da bai fito a wannan ɗan ƙyaftawar ba ya zama ajiya, ba zai kai ka ko'ina ba. Usain Bolt da ya yi daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009 taku 41 ya yi a mita ɗarin nan, ku lissafa faɗin kowane taku.

Wani matashi daga Madobi: Malam duk na ji, amma ka rubuta "gwajin ƙarfin kwankwaso" a allo a jihar nan ko maƙwabta ka ga in ba a zo da jar hula ba 😂 a nemi wata kalmar don Allah

Wata malamar Hausa: Kai dai ba ka rabo da tsokana. Kwankwaso sunan gaɓa ne tun kafin a haifi kakanka. Sai dai gaskiya in mutum ya ce kwankwasona ke ciwo, bayansa yake dafawa, daga ƙasa. Ƙugu kuma inda ake ɗaura zani ne. Inda ƙashin cinya ya shiga gurbinsa yake juyawa, a gefe, ni katara na taso na ji ana cewa.

Mahauci: To tunda an taɓo fawa bari mai ita ya yi magana. Malama ta yi daidai, in muka ce katara mun san inda wuƙa za ta bi. Kuma malam in kana so yara su ga abin da ido ka kawo su rumfa ran kasuwa da safe kafin a sassare, akwai wata doguwar tsoka mai laushi kwance ta ciki a jikin ƙashin baya ta gangaro ta kama kan cinya, masu kuɗi ita suke cewa a ware musu.

Ɗalibin gashin ƙashi a Kano: Wallahi baba ita ce, a jikin mutum ita ke ɗago gwiwa sama in ana gudu. Ta baya kuma, wato tsokar mazaunai da ta bayan cinya, su ke fizgo ƙafa ƙasa su tura mutum gaba. A 2020 jami'ar Lafbara ta Ingila ta ɗauki hoton tsokar masu tsere, suka ga ta mazaunan manyan gwanaye ta fi ta na ƙasa da su girma da kusan kashi 45 cikin ɗari. Saboda haka malam gwajin naka biyu ne, na ɗagawa da na turawa, kar ka haɗe su a suna ɗaya. Kuma ka auna dama daban hagu daban.

Malamin wasanni: Madalla, na gode ƙwarai. Na'urar nan dai ba mu da ita, ko ƙwallo sai mun yi karo-karo, abin da zan iya shi ne tsalle daga tsaye, yaro ya haɗa ƙafa a kan layi ya zabura gaba in auna da tef ɗin tela, sai tsallen ƙafa ɗaya sau uku irin na langa, dama da hagu, sannan gudun mita 30 da agogon waya, in jera lambobin in ga ko wanda ya fi tsalle shi ya fi gudu. A takardar zan sa ƙarfin tsoka wa na farko, ƙarfin zabura wa na biyu, gaɓar kuma katara, tsokar ɗaga cinya da tsokar tura ƙafa.

Tsohon ɗan langa: Ka cire "ƙarfin" ɗin ma, zabura kaɗai ta isa, yara ba sa son dogon suna.

Wata malamar Hausa: A'a baba a bar shi, in ya ce zai auna zaburar yaro wani zai ɗauka tsorata shi za a yi.

Mahauci: Malam kasuwar dai kar ka wuce ƙarfe takwas, in rana ta ɗaga an riga an saye tsokar.