Shogun: Madaki ne, Waziri ne, ko mu karɓi kalmar yadda take?

Malamai, ina neman shawararku a kan wata kalma da ta tsaya mini a wuya tun da na fara rubutu a kan tarihin Japan, wato Shogun. Sau biyu na ci karo da inda aka fassara ta da "Sarkin Japan", kuma wannan kuskure ne da ke rikita labarin gaba ɗaya, domin a duk tsawon zamanin mulkin Shogun akwai Sarki na haƙiƙa zaune a fadarsa ta Kiyoto, shi ne ma yake naɗa Shogun ɗin.

Cikakken sunan sarautar shi ne sei-i taishogun, ma'anarsa babban kwamandan da ke murƙushe ƙabilun da suka ƙi biyayya. Tokugawa Ieyasu ya karɓe ta a 1603, shekara uku bayan ya yi galaba a yaƙin Sekigahara, ya kafa gwamnatinsa a Edo (ba Edo tamu ta Najeriya ba, garin da ake kira Tokyo a yau). Shekara biyu kacal ya yi a kai, sai ya miƙa wa ɗansa Hidetada, don kowa ya san cewa abin ya zama na gado. Mutum 15 daga gidan nan suka riƙe ta, har zuwa 1867 da na ƙarshensu, Yoshinobu, ya mayar wa Sarki da mulki.

Idan asalin kalmar za a bi, Madaki ko Sarkin Yaƙi ne ya fi kusa, kuma da shi na fara. Amma Bahaushe in ya ji Madaki, abin da ke zuwa masa a rai shi ne basarake mai jagorantar barade, wanda ke zuwa fada ya faɗi ya yi gaisuwa, wanda kuma rawaninsa ke hannun Sarki. A Japan kuwa, a 1615 gidan Tokugawa ne ya rubuta wa fadar Kiyoto dokoki, har da cewa babban aikin Sarki shi ne neman ilimi. Ƙasar da ke hannun Shogun kai tsaye tana ba da shinkafa kimanin koku miliyan 4, alhali abin da aka ware wa Sarki bai wuce koku 30,000 ba. Koku ɗaya kusan lita 180 ne, wato abin da ake ƙiyasta zai ci da mutum guda a shekara. Ban san Madakin da ke auna wa ubangidansa abinci haka ba.

Wani abokin aiki ya ba da shawarar Waziri, ya kafa hujja da cewa a Sakkwato ma sarautar ta zauna a gida ɗaya tun daga Giɗaɗo, kuma Waziri ne ke kula da harkokin sarakunan ƙasashe. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai Waziri mutumin alƙalami ne da ke zaune gari ɗaya da Sarkinsa, ana ganinsa a majalisa. Edo da Kiyoto kuwa akwai tazarar kusan kilomita 500 a tsakaninsu, kuma tun da Shogun na uku daga gidan Tokugawa, Iemitsu, ya ziyarci Kiyoto a 1634, ba wanda ya sake taka ƙafa can daga cikin magadansa sai a 1863. Shekara 229 ke nan Waziri bai je gaida Sarki ba, idan har Waziri ne. Bugu da ƙari, hakiman ƙasar, waɗanda ake kira daimyo, su fiye da 250, ba ga Sarki suke mubaya'a ba. Daga 1635 doka ta tilasta musu su riƙa yin shekara guda a Edo, shekara guda a ƙasashensu, su bar matansu da magadansu a Edo tamkar jingina. Duk shekara sai a ga jerin gwano a kan hanyar Tokaido da ta haɗa Edo da Kiyoto, masu māsu a gaba, masu ɗauke da akwatuna a baya, hakimi a cikin akwatin da ake ɗauka a kafaɗa, kuma kuɗin masauki da ciyarwa duk daga aljihunsa suke fita. Ƙofar da suke nufa ta Shogun ce.

"Shugaban mulkin soja" kuwa ban daɗe a kansa ba, domin yana kawo wa mai karatunmu kaki da jawabin asuba a rediyo, abin da bai dace da gidan da ya gaji mulki shekara fiye da 260 ba.

Inda na tsaya shi ne mu ari kalmar. Hausa ba ta taɓa jin nauyin aron sunan sarauta ba: Waziri daga Larabci ya zo, Galadima da Kacalla daga Barno, Gwamna da Razdan daga Turawa, kuma ba wanda ya nemi a fassara su kafin su zauna a bakin mutane. Kalmar Shogun ba ta da wuyar faɗi ga Bahaushe. Sai mu rubuta ta haka, mu ce shogunai idan suna da yawa, mu kira tsarin mulkin shogunci, kamar yadda muke cewa shugabanci. A farkon ambato kawai za a ƙara bayani, a ce "Shogun, wato Sarkin Yaƙin da mulkin ƙasa ke hannunsa", daga nan kuma a bar kalmar ita kaɗai.

Abin da bai gama kwanta mini ba shi ne jam'in. Kunnena ya fi karɓar shogunai, amma abokin nan nawa ya ce shogunoni ne ya fi zama a bakinsa, kuma ina so in ji abin da mutanen Sakkwato da Damagaram za su ce kafin in miƙa rubutun.